Wankin Daliget

Litinin, da hantsi. Nguru.

Kyari yana ciki an ɗaura shi a inji, ni ina kan benci a waje ina shan surutun mutane. Ƙanena ne, ni na goye shi, amma yau da na ce wa mai gadin asibiti tare nake da Kyari sai ya ce, "Wane Kyari? Au, Daliget!" To ka ji. Sunan da ubanmu ya yanka rago ya raɗa masa ya tashi a banza, saboda jam'iyyarsu ta sa shi cikin waɗanda za su je Abuja su tsayar mata da ɗan takarar shugaban ƙasa.

Daga Gashua yake zuwa duk Litinin da Alhamis, ya sauka gidana bayan tashar jirgi, mu taho nan tare. Wanki muke cewa. A Gashua da Nguru in ka ce wane yana da wanki, ba mai tambayarka ina sabulu. Kowa ya san injin nan ne da ke jan jinin mutum ya tace ya mayar masa, tunda abin da Allah ya sa a jiki don wannan aikin ya ajiye aiki. Sunan ciwon ba na rubutawa. Shi ma ba ya faɗa.

Ban gama zama ba wani mutumin Jakusko, matarsa na ciki ita ma, ya matso har yana taka mini zane. "Hajiya, ke ce yayar Daliget? Don Allah wa zai zaɓa?" Na ce ya shiga ya tambayi injin. Ko a jikinsa. Sai ma ya buɗe mini karatu, wai ƙasar nan ba mai gyara ta sai Mai Haƙora, don shi tun a gidan ubansa ya ƙoshi, ba zai yi sata ba. Wani tsoho a ƙarshen benci ya ce ƙarya ne, shi Mai Carbi yake so, mutum mai tsoron Allah. Na ce, "Baba, ka taɓa ganinsa?" Ya ce a'a, amma ya ga hotonsa.

Sunayen nan ni na sa musu, na gaskiyar ba za su ci mini takarda ba. Su uku ake magana a kansu: wanda ya washe baki a fosta har ana iya ganin dasashinsa, da wanda ko a fosta bai ajiye carbi ba, sai Likita, shi an ce likitan ne da gaske. Abin dariyar, duk bencin nan ba mai ƙuri'a. Zaɓen fidda gwani ne, na daliget kaɗai. Mai ƙuri'ar yana kwance a ciki da allura a hannu.

Litinin, bayan la'asar.

Ya fito a galabaice. Ƙishirwa yake ji, kuma Sista Chinyere, wadda ke kula da shi a ɗakin wanki, ta ƙayyade masa ruwan yini, ɗan abin da ba zai ishi kaza ba a wannan zafin. Na sayo masa ƙanƙara yana tsotsa. Mai ƙanƙarar ma sai da ya ce a gaya wa Daliget kada ya ba mu kunya.

Laraba, azahar. Gashua.

Na rako shi gida jiya, na kwana. Ashe abin da nake gani a Nguru wasa ne.

Takalma a ƙofar zaure sai ka ce masallacin Juma'a. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sayar da buhunan wofi a kasuwa ba wanda ya taɓa ce masa wushe, wato sannu, da rana, yau shi ake durƙusa wa. Da ya fara kwanciya bara, mutum nawa suka leƙo? Na san su, ba su cika tabarma ɗaya ba. Yanzu Shuhada matarsa tun asuba take kan murhu tana dafa wa ƙattin banza shayi, idonta ya yi ja da hayaƙi.

Masuntan Katuzu sun zo ƙungiya guda. Wai yaran Mai Carbi sun ce in ya ci zai kwashe kacalla, ciyawar nan da ta toshe kogi, kifi ya dawo kamar da. Suka dire masa kifi banda a kwando, ya sha gishiri, abin da aka hana shi ci. Bayansu wasu samari, su Mai Haƙora suke so don zai sa jirgin ƙasa ya riƙa shigowa Nguru kullum. Na leƙa ta labule na ce, "Ku a cikinku wa ya taɓa hawa jirgin?" Suka yi dariya, wai Hajiya Malama ba ta da dama. Ni na koya wa rabinsu a-ba-ca-da a firamare, kuma ga shi ba su wuce nan ɗin ba.

Sai ga Musbahu. Shi ne kodinetan daliget na yankin nan, waya biyu a hannu, turarensa na riga shi shigowa. "Ranka ya daɗe, Daliget!" Yaron da Kyari ya koya wa dama kwaɓin liƙa fosta. Na tambaye shi shi wa yake so. Ya ce, "Mu Hajiya, inda manya suka kalla nan muke kallo." Aƙalla shi bai yi mini ƙarya ba.

Shuhada ta gaya mini yadda aka yi Kyari ya samu kujerar. Wasu manya biyu a jam'iyyarsu ne suka yi ta faɗa, kowa da yaronsa, da abin ya ƙi ƙarewa aka ce a yi maslaha, a ba wanda ba zai dami kowa ba. Shi ke nan. Shi kuwa gani yake ladan wahalarsa ce ta zo. Yana zaune a tsakiyarsu bakinsa har kunne, ƙafafunsa a kumbure a ƙarƙashin babbar riga, ba wanda ya kalli ƙasa.

Alhamis, bayan mun iso Nguru.

Motar Hamajoɗa muka hawo kamar kullum. Da ma in hau jaki.

Wata Ibo mai shagon atamfa a kasuwar Gashua ce a gidan gaba. Ta ga yadda Kyari ke jan ƙafa, ta fito ta bar masa wurin ta dawo baya muka matsu. Ita kaɗai. Sauran tun kafin a bar tasha suka gane shi, aka buɗe kasuwa. Wani malamin makaranta ya ce Likita ne mai ilimi amma ba shi da jama'a, zaɓensa asarar ƙuri'a ce. Wani mai gemu ya ce ai Mai Carbi kaf danginsa mahaddata ne. Malamin ya ce to a ba shi limanci mana. Suka kaure. Wani daga can baya ya miƙo waya ta saman kaina yana so lallai sai Daliget ya kalli bidiyon Mai Haƙora yana raba shinkafa. Na ture hannun na ce in ya sake gogar mini ɗankwali wayar za ta sauka kafin Jajimaji.

Aka tambayi Hamajoɗa. Ya ce shi duk wanda ya hau, hanyar nan da ramukanta zai bi gobe, su ƙyale shi ya yi tuƙi. Aka tambayi mai atamfa, ta ce, "Ni dai wanda zai bar mu mu buɗe shago mu rufe lafiya." Suka ce ai wannan ba ra'ayi ba ne.

Kyari kuwa yana gaba yana gyaɗa kai, wannan ya yi magana ya ce haka ne, wancan ya yi ya ce da gaskiyarka. Numfashinsa nake saurare ni. In kwana ya yi nisa da wanki akwai wani ɗan sauti da yake yi a ƙirji, na san shi yanzu kamar yadda na san kukan ƙofar ɗakina.

Alhamis, magariba.

An yi lafiya. Ya ci tuwo kaɗan, ba gishiri, yana ci yana tsaki.

Asabar, da walaha. Nguru.

Bai koma Gashua ba wannan karon, na hana shi, ya huta da masu gaisuwa. Da safe muna zaune a gindin dalbejiya na ce masa kai tsaye kada ya je Abuja.

Ya ce, "Yaya, Likita zan zaɓa." Kamar shi na tambaya.

Wai Likita kaɗai ne cikinsu ya tako Gashua ya kira ciwon nan da sunansa a gaban jama'a. Ya ce zai sa a bincika ko ruwa ne ko mene ne ke cin mutanenmu, ya kawo injina har a daina bin layi, a daina hawa mota zuwa Nguru. Har ruwan rijiya aka ɗebo masa a kofi ya sha. Na ce na ga bidiyon. Na kalli maƙogwaronsa da kyau, bai motsa ba. Leɓe ya jiƙa ya miƙa wa yaronsa kofin.

Ya ce, "Ke dai Yaya, ko mala'ika ya tsaya takara sai kin ce aron fikafikai ya yi."

Na ce ban ga mala'ika a fosta ba tukuna.

Ya ce tun yana saurayi yake jera wa mutane kujeru a wurin taro, su zauna shi yana tsaye, ya liƙa hotonsu, su wuce shi a mota. "Sau ɗaya a rayuwata an ce, Kyari me ka gani? Sai in ce ba ni da lafiya?" Ya ce ba don kansa ba ne, shi nasa ya riga ya faru. Rumaisa yake tunani, autarsa, da ruwan da take sha.

Sai na zage shi. Na ce masa sakarai ne tun yana yaro, duk wanda ya yi masa murmushi sai ya bi shi. Ya yi dariya ya ce in ƙara masa ƙanƙara.

Mutanen gari cewa suke don ambulan ɗin da ake raba wa daliget zai je. Wallahi da don shi ne da na fi samun sauƙi, da na san da abin da nake faɗa. Tsoro nake ji. Na rubuta, tsoro.

Litinin, azahar.

Na kai ƙararsa wurin Sista Chinyere. Ta daɗe a Nguru, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari, kuma ba ta iya kwana-kwana ba. Ta tsaya a kansa yana kan inji ta ce, "Baba Kyari, ba a tsallake wanki. In ka tsallake, ruwa zai taru a ƙirjinka, gubar da ke jininka ta hau. Wanda zai ci zaɓen nan zai ci ko ba ka je ba."

Ya ce ranar Juma'a za su tashi, Asabar a yi zaɓe, Lahadi yana gida. Ba abin da zai tsallake. Sannan don ya kawar da zancen ya ce, "Sista, ke wa kike so a cikinsu?"

Ta ce, "Ni ina son in gan ka a gadon nan ranar Litinin."

Na fito benci na tarar ana musu ko Mai Haƙora haƙoran nasa ne ko sawa ya yi a ƙasar waje. Mutanen da 'yan'uwansu ke ciki jininsu na zagaye a roba. Allah wadai.

Talata, bayan la'asar. Gashua.

Na sa an kira Musbahu. Na zaunar da shi a tsakar gida, ni da Shuhada, Kyari na jingine da bango. Na ce masa in aka samu jinkiri fa? Siyasar ƙasar nan yaushe ta taɓa yin abu a ranar da ta ce?

Ya ajiye wayoyinsa biyu a kan tabarma, alamar wai ya ba ni hankalinsa. "Hajiya Malama, a yi maslaha. In ma an yi jinkiri, ni da kaina zan kai shi a yi masa a can. Abuja fa ake magana, asibiti kamar teburin mai shayi."

Na ce wane asibitin? Ya ce a bar wannan a hannunsa. Na ce to zan bi su. Ya ce bas ɗin na daliget ne, ba a shiga da iyali. Na ce zan hau motar haya in same su. Kyari ya ce, "Yaya, so kike a ce Daliget ya zo da yayarsa ta riƙe masa hannu?" Suka yi dariya shi da Musbahu. Shuhada ba ta yi ba, tana ta tsinke zaren tabarma.

Wannan kalmar maslaha, duk inda na ji ta an riga an gama yanke wanda za a cuta.

Da Musbahu ya fita na ce wa Kyari, in ya je can ya buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa, can ba Gashua ba ne. Ya ce Musbahu ai ya sani.

Juma'a, da hantsi. Gashua.

Sun tafi. An yi masa wankin jiya, ya fito da ƙarfinsa fiye da kullum, ko don murna ce. Unguwa ta fito rakiya har bakin titi, kowa na cusa masa sunan gwaninsa a kunne. Wata tsohuwa ta riƙe masa riga wai ya gaya wa Mai Carbi rufin ɗakinta na yoyo. Ya ce zai gaya masa.

Ban raka shi titi ba. Ya leƙo ɗaki ya ce, "Yaya, ba addu'a?" Na ce Allah ya kiyaye. Iyakar abin da na ce ke nan, fuskata a ɗaure.

Asabar, azahar. Nguru.

An ɗage zaɓen zuwa Talata. Rediyo ta ce manya na tattaunawa.

Wayarsa a kashe. Ta Musbahu guda tana ƙara ba a ɗauka, ɗayar a kashe.

Lahadi, bayan azahar.

Shuhada ta kira tana kuka. Na ce ta yi mini shiru, sannan na kashe na yi nawa.

Maƙwabcina, tsohon ɗan siyasa ne, ya ce in kwantar da hankalina, an killace su ne. Haka ake yi: a zuba daliget na jiha a otal ɗaya, a karɓe wayoyinsu, a sa matasa a ƙofa, don kada yaran wani ɗan takarar su shigo su saye su. Yana faɗa yana murmushi, wai dabara ce. Na ce ashe kamar awaki ake yi da su daren kasuwa. Ya ce to Hajiya, ke wa kike ganin zai ci? Na rufe ƙofata.

Litinin, da hantsi.

Yau Litinin.

Litinin, la'asar.

Sista Chinyere ta kira ta ce gadonsa na nan ba kowa. Na ce Musbahu ya yi alkawari.

Laraba, da safe.

An gama. Na ji a rediyo da na tashi sallah. Likita ya hau mumbari ya yi jawabi mai daɗi a kan talaka da marasa lafiya, har muryarsa na rawa, sannan ya ce domin maslahar ƙasa ya janye wa Mai Haƙora, masoyansa su bi shi can. Tun kafin a jefa ƙuri'a ɗaya. Mai Haƙora ya cinye.

Garin nan ya cika da hon na babura. Majalisar ƙofar gidana, waɗanda jiya suka rantse da Mai Carbi, yau kowa cewa yake da ma ya faɗa. Ɗaya har yana cewa janyewar Likita ita ce dattako, namiji ke nan. Wani ya ce ai yanzu sai a ba shi ministan lafiya, mu ma mu amfana. Mu su wa? Tir da baki irin wannan.

Ba ruwana da wanda ya ci. Ko kare suka tsayar, su buɗe mini wayar ƙanena.

Alhamis, bayan magariba. Asibiti.

Sun dawo. Sai da bas ɗin ya biya ta babban birnin jiha aka ɗauki hoto da manya, sannan aka sauke 'yan Gashua. Hamajoɗa ya ga Kyari a tasha, ya sauke fasinjojin da ya riga ya loda, ya kwantar da shi a kujerar baya ya taho da shi da Shuhada kai tsaye. Bai karɓi ko sisi ba.

Ban gane fuskarsa ba. Takalminsa a hannun Shuhada, ƙafar ta ƙi shiga. Sautin nan na ƙirji tun daga ƙofar asibiti ake jin sa. An ɗaura shi a inji nan take. Ba a yi masa wankin a can ba. Ko sau ɗaya.

Juma'a, bayan an sauko masallaci.

Ya farfaɗo ɗazu, ya gane ni. Likitan da ke duba shi ya kira ni gefe ya yi mini bayani a kan zuciyarsa. Ba zan rubuta ba.

Kyari ya ba ni labarin da kansa, kaɗan-kaɗan, yana hutawa. Tun ranar da suka isa Musbahu ya koma otal ɗin manya, bai sake ganinsa ba sai a filin zaɓe. Ranar Litinin da safe ya sauko ƙofa, ya sami matasan da aka sa gadi, Hausawa ne amma ba 'yan wajenmu ba. Ya ce wa babbansu, "Samari, yau ina da wanki."

Yaron mai ladabi ne, in ji shi. Ya ce, "Baba, ai ba sai ka fita ba, a nan ma ana yi. Koma ɗaki, yanzu zan turo maka."

Kyari ya ji daɗi, ya ce ashe Musbahu ya cika alkawari, ashe Abuja har ɗaki ake kawo inji. Ya koma ya kwanta a gado, ya naɗe hannun riga, yana jira. Can aka ƙwanƙwasa. Wani ne da kwando. Ya ce ina kayan?

Na ce, "To ba ka yi musu bayani ba? Ba ka da baki?"

Ya ce ɗakin cike yake da daliget na wasu garuruwa, duk suna kallonsa. In ya ce asibiti zai je, a ce dabara ce zai fita ya gana da yaran Likita. In ya faɗi ciwon, a ce bai isa shiga fili ba, a ba wani katinsa. Ga zaɓe gobe. Sai ya buɗe jaka ya ba mutumin kayan.

Na tashi na fita waje na tsaya a rana, don kada in yi ihu a ɗakin marasa lafiya. Da na dawo ya ce, "Ba ki tambaye ni wa na zaɓa ba. Ke kaɗai ce ba ki taɓa tambaya ba."

Na ce ban damu ba.

Ya ce yana zaune a ƙasa a filin, ya kasa tsayuwa, ya ji jawabin Likita ta lasifika. Da layi ya zo kansu ya kasa riƙe biro, Musbahu ya karɓi takardar ya rubuta masa ya jefa. Bai ga abin da aka rubuta ba.

Ya rufe ido, na ɗauka barci ne. Sai ya ce, "Amma Yaya, sun iya guga fa." Ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya hana shi. Na riƙe masa kai. Na ce masa ya yafe mini fuskar da na ɗaure ranar da zai tafi. Ya ce wace fuska, ai kullum haka take.

Lahadi, da hantsi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya da la'asar. Sun kai shi Gashua, kusa da Baba.

Talata, la'asar. Gashua.

Yau sadakar uku. Zaure ya cika, amma bai kai cikar makonnin baya ba. Ana shafa fatiha, ana sauke hannu, a koma musun wa Mai Haƙora zai ɗauka mataimaki. Ta katanga nake jin su. Wani ya ce Allah ya ji ƙan Daliget, ya ga nasara kafin ya tafi.

Musbahu ya shigo cikin gida, kukansa ya fi na kowa ƙarfi. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya Malama, wallahi da ya faɗa mini." Na tuna masa a nan tsakar gidan ya zauna ranar da aka faɗa masa, a kan tabarmar can, ya ajiye wayoyinsa biyu. Na ce ya tashi ya fita kafin in faɗi abin da zai hana shi barci. Ya fita. Na ji shi a zaure yana cewa baƙin ciki ne ya taɓa Hajiya.

Da mata suka ragu Shuhada ta jawo jakar da ya dawo da ita daga Abuja, ba wanda ya buɗe ta tun ranar. Ta ce, "Yaya, ki cire mini riga ɗaya in ajiye kafin a raba kayan. Wadda ya sa." Ta kasa buɗewa da kanta.

Na buɗe. Kowace riga a cikin ledarta, an ninke, an sa sitati, karin guga kamar wuƙa. Har hular da singiletin. Wadda ya dawo da ita a jikinsa kuwa an yanke ta da almakashi a asibiti an zubar. Na ciro su ɗaya bayan ɗaya ina kaiwa hanci, Shuhada na kallona tana jira. Ƙamshin sabulun otal kawai suke yi. Ba ko ɗaya da ke ƙamshin Kyari.